Askar Riga da Zanen Bature: Sunayen da Daura Ba Ta Rubuta Ba

A shekarar 1976 birnin Landan ya yi wata uku yana bikin al'adun duniyar Musulmi. Manyan gidajen tarihi suka fito da abin da suke taƙama da shi, Alƙur'anai rubutun hannu daga Masar da Farisa, dardumomi, kayan aikin malaman taurari na da. A cikin wannan gagarumin taro an ware zaure guda a cibiyar ƙasashe renon Ingila da ke unguwar Kensington, aka ce wannan na Hausawa ne. Aka rataye manyan riguna da wanduna masu aiki, aka jera huluna da kayan dukanci da ƙore masu zane. Wanda ya tattara kayan, ya kuma rubuta littafin da ya raka su mai suna The Arts of the Hausa, wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello ne da ke Zariya, sunansa David Heathcote.

Mutane da yawa da suka san sunan nan sun san shi ne a matsayin mai bincike. Abin da ake yawan mantawa shi ne asalin sana'arsa zane ce. An haife shi a Landan a 1931, ya koyi zane a Canterbury, sannan a makarantar Slade, wadda ke cikin manyan makarantun zane na Ingila. Ya koyar a Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, kafin ya iso Zariya a 1967. Shekara goma sha biyu ya yi yana koyar da tarihin fasaha, ya kammala digirinsa na uku a kan ɗinkin tufafin Hausawa a 1979, ya koma gida ya ci gaba da koyarwa a Canterbury da riƙon burushinsa. Akasarin aikin da aka san shi da shi a gidajen nuna zane na Ingila irin wanda ba ya kwaikwayon fuskar mutum ko surar dabba ne: launi ne da layi da fili, an daidaita su har ido ya sami abin tsayawa a kai. Wani sashe na kayan da ya tara a ƙasar Hausa yana ajiye yau a babban gidan tarihi na Birtaniya.

Ina ganin tarihin mutumin nan ya shafi Daura kai tsaye, ko da yake a Zazzau ya zauna. Dalilina shi ne, abin da ya zo ya tarar a hannun maɗinka da magina da masu zayyana shi ne abin da masu zanen ƙasarsa suka yi shekaru suna fafutukar kaiwa gare shi. Mu muna da shi tun kaka da kakanni, muna sa shi a jiki, muna kwana a cikinsa, amma ba mu taɓa ɗaukar masu yin sa a bakin mutanen da ya kamata a rubuta sunansu ba.

Sai an san wahalar da Turawa suka sha kafin a gane nauyin wannan magana. Ɗaruruwan shekaru gwanin zane a wurinsu shi ne wanda zai zana sarki ko doki ko kwanon 'ya'yan itace har ka ji kamar ka miƙa hannu. Da kyamara ta zo a ƙarni na 19 ta karɓe wannan aiki, sai tambaya ta taso: in ba kwaikwayo ba, me ya rage wa mai zane? Wassily Kandinsky da Piet Mondrian da Kazimir Malevich suka amsa da cewa launi da layi su kaɗai suna iya taɓa zuciya, kamar yadda kiɗa yake taɓa ta ba tare da ya faɗi kalma ba. A 1915 Malevich ya rataye baƙin murabba'i a kan farin fili ya ce zane ne, aka yi ta ce-ce-ku-ce. A Ingila abin ya ma fi jinkiri. Ben Nicholson ya fara sassaƙa farare tas na da'ira da murabba'i a kan katako a wajen 1934, jama'a suka ɗauke shi wanda ya rasa abin yi. Victor Pasmore kuwa, wanda ya riga ya yi suna da zanen kogi da lambu, ya juya wa wannan baya a ƙarshen shekarun 1940, masoyansa da dama suka ga kamar ya yi ridda daga sana'a.

Kuma ba daga sama wannan sauyi ya faɗo musu ba. A 1910 an yi babban baje kolin fasahar Musulunci a birnin Munich na Jamus, Henri Matisse ya je ya gani, daga baya ya tafi Maroko. Paul Klee ya je Tunisiya a 1914, ya dawo da wani ido dabam game da launi. Ƙasashen Musulmi na cikin rijiyoyin da wannan sabon zane ya sha ruwa daga gare su.

To mu fa? Malamanmu sun daɗe suna karantar da hadisan da suka yi kashedi a kan surar abu mai rai, har da shawarar da Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya ba wani mai sana'ar zane cewa ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin ƙofar da aka rufe wa Bahaushe. Ni ina ganin hanya ce aka nuna masa, ya kuwa bi ta har ya yi nisa. Ɗauki babbar riga ka shimfiɗa. Aikin bai tsaya a tsakiya ba, ya karkata ne wajen aljihu a hagu, askoki suna saukowa dogaye masu tsini, biyu ko takwas, ga tambari yana kewaya kansa a ɗaya gefen, ga gidan biyar, ga dagi, aikin ya haura kafaɗa ya zagaya baya. Nauyin yana gefe guda, amma rigar ba ta rinjaya ba. Wannan daidaito na abin da bai yi daidai ba shi ne darasin da ake shekara ana koya wa ɗalibi a makarantun zane na Turai. Sunayen ma ba su ɗaure siffar ba: askar riga ba a yi ta don ta yi kama da ta wanzami ba, an yi ta ne don ta ja ido daga ƙirji zuwa ƙasa.

Abin da ya burge ni game da Heathcote shi ne bai tsaya kan kyan rigar ba, ya nemi mutumin. Ya rubuta maƙala sukutum a kan maɗinki guda na birnin Katsina. Ya yi nazarin tarin zane-zanen takarda na wani mai zanen riga a Kano, don ya ga yadda tunani ke tafiya daga zane zuwa zane, abin da aka gada da abin da aka ƙara. Mai zane ne ya gane ɗan'uwansa mai zane. Ban ɗauka ido zai yi shekara goma sha biyu yana kallon irin wannan aiki ya koma gida yadda ya zo ba.

Akwai wani abu a tsarin sana'ar da ya kamata a tsaya a kansa. A al'adar ɗinkin hannu, wanda ya zana aikin a jikin ƙyalle da alƙalami ba lallai ne shi zai ɗinka ba. Sau da yawa malami ne ko gardi, wanda hannunsa ya saba da rubutun allo, shi zai fitar da zanen, sannan wasu su zauna a zaure ko gindin bishiya su yi watanni suna bi da allura. Kwatanta wannan da Bridget Riley, wadda aka haifa a Landan a shekara ɗaya da Heathcote, 1931, kuma ita ce mafi shahara cikin masu zane marar siffa a Ingila. Tun farkon shekarun 1960 Riley take tsara aikinta a takarda, ta auna kowane layi da kowane launi, sannan mataimaka su shafa fentin a babban allo. Ba wanda ya taɓa cewa aikin ba nata ba ne. A 1968 ta zama mace ta farko da ta ci babbar kyautar zane ta duniya a bikin Venice. Tsarin aiki ɗaya ne da na zauren maɗinka. Bambancin kawai, sunanta yana manne da kowane zane, shi kuwa malamin da ya zana rigar hakimi, da an biya shi ladansa labarinsa ya ƙare.

Suna ba ado ba ne, hakki ne. A 1965, lokacin da aka nuna aikin Riley a babban gidan zanen zamani na New York, masu kamfanonin tufafi suka kwashi zanenta na baƙi da fari suka buga a kan yadi ba tare da izininta ba. Ta fito ta nuna ɓacin ranta a fili, duniya ta san wa aka zalunta, domin akwai sunan da za a kira. Yau aska da dagi da tambari suna cikin kwamfutocin kekunan ɗinki, ana buga su a kan shadda da yadin da aka saƙa a wata nahiya, ana sayar mana. Dagin nan da Jihar Arewa ta ɗauka tambarinta tun zamanin Sardauna yana kan tutoci da ƙofofi da kanun takardu. Waye zai tashi ya ce wannan salon na gidanmu ne, kakana wane ya fara karkata shi haka? Ba a rubuta ba, don haka ba mai bin bashi.

Ba ina cewa rigar sarki da allon Riley abu ɗaya ba ne, kuma masu son su mayar da su ɗaya don su faranta mana rai ba su yi mana adalci ba. Ita riga an yi ta ne don a sa, ta motsa da mai ita, ta faɗi matsayinsa kafin ya buɗe baki. Mai zanen Turai ana yaba masa ne in ya zo da abin da ba a taɓa gani ba, namu ana yaba masa in ya riƙe abin da ya gada ya ƙara masa ɗan gishiri daidai kima. Wannan tsari yana da ƙarfinsa: shi ya sa salo ya rayu ɗaruruwan shekaru, shi ya sa talaka da basarake suke karanta riga da ido ɗaya, alhali zane marar siffa a Turai har gobe yawancin jama'a kallon abin 'yan boko suke yi masa. Amma yana da rauninsa. Inda kowa ya ɗauka aikin na kowa ne, ranar da mai hannu ya kwanta dama ba a lura cewa wani abu ya tafi da shi.

A nan maganar ta iso Daura, kuma a nan take yi mini ciwo. Ba garin da ya kai Daura riƙon suna a ƙasar Hausa. Yaro a Daura zai lissafa maka magajiyoyi daga Kufuru har zuwa Daurama, ya ba ka labarin Tsohon Birni da rijiyar Kusugu da Bayajida. Littafin Girgam ya adana jerin sarakuna. An san yadda gidan sarautar ya fita zuwa Zango bayan jihadi, an san dawowarsa a 1906 da Malam Musa, an san doguwar sarautar Abdurrahman har 1966, da ta Muhammadu Bashar har 2007, zuwa Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, Allah ya ja zamaninsa. Mai bincike M. G. Smith ya rubuta littafi mai kauri a kan sha'anin mulkin Daura, aka buga a 1978. Duk wannan ƙwaƙwalwa ta sarauta ce. Amma a ranar hawan Sallah ko Sallar Gani, abin da yake cika ido har baƙi su ɗaga wayoyi, wa ya yi shi? Wa ya ɗinka alkyabbar, wa ya yi aikin jalala da linzami da ɗan kai, wa ya zaɓi jan nan ya sa kusa da koren nan? Mahayin muna kiran sarautarsa, maroƙa suna kiran kakanninsa. Badukun da ya ƙawata dokin yana cikin taro a tsaye, ƙura tana bi ta kansa.

Zariya ta ɗan yi sa'a a wannan fanni. Ta riƙe sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim a ƙarni na 19, har unguwa tana amsa sunan. Anthony Kirk-Greene ya buga ɗan littafi a kan gidajenta masu ado a 1963, Friedrich Schwerdtfeger ya bi magina da masu zanen bango na shekaru masu yawa. Kasancewar jami'a a gefen gari ya taimaka. A Damagaram, wadda ba ta da nisa da mu in ka bi ta Kongolam, unguwar Birni har yanzu tana jan baƙi saboda fuskokin gidajenta. Ginin ƙasar Daura daga tushe ɗaya yake da waɗannan: tubali da azara, zanko a kan soro, makuba a bango, magini ya bi yaɓe tun yana ɗanye ya fitar da zane da hannunsa a kewayen ƙofar zaure.

Wannan ginin ne yake ɓacewa a gaban idonmu, kuma ba zan zargi mai gida ba. Bangon ƙasa yana neman gyara bayan kowace damina, azara ta yi tsada, bulo da kwano sun fi sauƙin riƙo. Wanda ya rushe zaurensa ya yi na siminti hankali ya yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce siminti ne ya kashe ado. Magina sun daɗe da nuna cewa ana fitar da dagi da sauran zane a kan siminti. Abin da ya mutu sha'awar mai ba da aiki ce. Attajiri zai kashe miliyoyi a kan tayil da gilashi da rufi irin na hotunan waya, ba zai ware abin da bai kai kuɗin ƙofa ɗaya ba ya kira mai zanen bango. Gine-ginen gwamnati da suka shigo Daura a shekarun baya-bayan nan, da kwalejin fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri da sauransu, alheri ne babba. Amma in ka ɗauke su ka ajiye a wata jiha, ba abin da zai nuna daga inda suka fito. A Ingila an ba Riley bangon asibiti a Liverpool a 1983, da na asibitin St Mary's a Landan a 1987, ta yi musu dogayen layukan launi don marar lafiya ya sami abin da zai kwantar masa da rai yana wucewa. Mu da muke da masu wannan hannu a unguwa, bangon asibitocinmu fenti ɗaya ne daga ƙofa har ƙarshe.

Ga masu cewa wannan duk kayan da ne, ba abin da matashi zai ci da shi, ina nuna musu Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne, shi ma a Slade ya yi karatu a shekarun 1950. Da ya koma Khartum ya baje zanen da ya koyo a Landan, mutanen gari ba su kula ba. Sai ya tsaya ya duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu, ya ga rubutun Larabci ne da ado irin na allo. Ya koma ga abin da ya tashi a cikinsa, ya warware haruffa ya mayar da su layi da fili. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi masa baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya. A nan gida ma, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 abin da suka yi ke nan. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan ƙabilar Ibo, ya gina makaranta guda a kansa. A Zariya aka yi wannan tunani, a tsakiyar ƙasar Hausa, amma zayyanar allon sauka, da murabba'anta da launukanta da lissafinta mai tsauri, har yanzu ba ta sami irin wannan gata a hannun 'ya'yanta ba. Duk gardin da ya iya raba allo gida-gida ba tare da ma'auni ba, ya cika shi da ja da rawaya da kore bai karkace ba, ya riga ya mallaki abin da ɗalibin zane yake nema.

Akwai masu jin haushin cewa rigunanmu suna Landan, sai da biza jika zai ga aikin kakansa. Ina fahimtar wannan haushi, ina ma da rabona a ciki. Amma gaskiya ita ce, abin da Heathcote ya tara ya tsira daga gara da asu da gobarar kasuwa, an kuma rubuta inda ya fito. Rigunan da suka rage a adakokinmu fa, wa yake lissafinsu? In mai su ya rasu ana rabon gado, tsohuwar rigar saƙi ko ta tsamiya ita ce ake miƙa wa duk wanda ya tsaya kusa.

Aikin da ke gabanmu bai fi ƙarfin masarauta ba, ba ya kuma jiran kasafin Abuja. Masarauta tana da abin da babu jami'ar da ke da shi, wato hakimai da dagatai da masu unguwanni da sarakunan sana'a, daga Daura zuwa Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure. Umarni ɗaya daga fada ya isa kowane dagaci ya kawo sunan maginin da ya iya zanen bango a ƙasarsa, da mai zayyana, da mai zanen riga, da baduku, da matan da suka yi fice a zanen ƙwarya da saƙar faifai, waɗanda su ne aka fi mantawa. Ɗaliban manyan makarantun garin, da wayoyin da ke hannunsu, su bi su ɗauki hoton aikin da mai aikin tare, su tambaye shi wa ya koya masa, shi ma wa ya koya wa wancan, yadda muke yi da salsalar malamai. A nemi ɗaki guda kusa da Kusugu, inda baƙi suke zuwa dama, a rataye riga da allo da jalala, kowanne da sunan wanda ya yi da garinsu da shekarar. Duk sabon ginin hukuma a ƙasar Daura a ware bango ɗaya a ba mai zanen gida, a biya shi kuɗin gwani, a bar shi ya sa sunansa a ƙasan aikin. Malaman zane a sakandare su fara da allon zayyana kafin su kai ga Mondrian, su kuma gayyato mai zayyanar ya shiga aji da kansa.

A fara da tsofaffi. Masu zanen riga da hannu da maginan da suka yi aiki kafin siminti ya mamaye gari yawancinsu shekaru sun ja, kuma su kaɗai suka san sunayen waɗanda suka gabace su.